Filin Da Gwamnati Ta Karɓa Domin Dashe: Wa Zai Riƙe Shi Kafin A Soma Aiki?

'Yan'uwa manoma, a cikin yawon da muke yi a ƙauyuka mun sha cin karo da wani abu da ya dame mu, har muka ga ya kamata mu yi maganarsa a fili. Sai ka ga an kafa babban allo a bakin hanya, an rubuta cewa wannan wuri na gwamnati ne, an keɓe shi domin dashen itatuwa. A kusurwoyinsa an binne duwatsun siminti. Ka tambayi mutanen gari, su ce maka ai dā gonakinsu ne, ko makiyayar dabbobinsu. Ma'aikata sun zo sun auna, an biya waɗansu diyya, an ce kowa ya ɗauke hannunsa. Ka ce to, ina itatuwan? Su ce ana jira. Damina ta zo ta wuce ana jira, wata ta sake zuwa ana jira, har fentin allon ya koɗe.

Ba mu ƙi dashen itatuwa ba. Duk wanda ya yi noma a arewacin Katsina, ko Jigawa, ko Yobe ya san yadda iska takan binne shuka da rairayi a farkon damina, har mutum ya sake shuka sau biyu ko sau uku. Shingen itatuwa yana rage wannan ɓarna, kuma muna murna da kowane shiri da zai farfaɗo da ƙasar da ta gaji. Maganarmu a kan shekarun da ke tsakani ce, watau daga ranar da aka karɓi fili zuwa ranar da aka dasa itacen farko. Ra'ayinmu shi ne kada a bar irin wannan fili ko da damina ɗaya ba tare da mai riƙo ba. Waɗanda suka fi dacewa su riƙe shi kuwa su ne mutanen da aka karɓa daga hannunsu, bisa yarjejeniya a rubuce, mai ranar farawa da ranar ƙarewa.

ME YA SA AKE JINKIRI?

Aikin da aka ɗauko babba ne ƙwarai. A shekara ta 2007 Tarayyar Afirka ta amince da shirin Babbar Ganuwar Itatuwa, wadda za ta tashi daga Senegal zuwa Jibuti, tafiyar kimanin kilomita 8,000. Burin shi ne a farfaɗo da hekta miliyan 100 kafin 2030. Rahoton da wata hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2020 ya nuna cewa a cikin yankin da aka shata wa ganuwar, kimanin hekta miliyan 4 ne aka gyara zuwa lokacin. A Nijeriya an kafa hukumar kula da ganuwar da doka a 2015, tana aiki a jihohi 11: Adamawa, Bauci, Borno, Gombe, Jigawa, Kano, Katsina, Kebbi, Sakkwato, Yobe da Zamfara. Sa'an nan a ƙarshen 2021 Bankin Duniya ya amince da rancen dala miliyan 700 domin shirin ACReSAL, wanda ke nufin gyara hekta miliyan 1 a jihohin arewa 19 da Abuja.

Auna fili da kafa allo aikin 'yan makonni ne. Dashe kuwa yana da lokacinsa, ba ya jiran takardar ofis. Tilas a haƙa rijiya, a kafa wurin renon 'ya'yan itatuwa tun da rani, a yi ta ban ruwa wata da watanni, a sayi waya da turaku, a dasa a watan Yuli ko farkon Agusta sa'ad da ruwa ya zauna. In kuɗi suka fito a watan Satumba, shekarar ta tafi ke nan. In aka sake gwamnati ko aka canja ɗan kwangila, wata shekara ta bi bayanta. Ba ma cewa kowane jinkiri mugunta ce ko sata. Amma tun da an san jinkiri zai zo, ya kamata a yi masa shiri tun daga ranar awo.

ABIN DA KE SAMUN FILIN DA BA MAI SHI

Waɗansu ma'aikata sukan ce barin fili ba noma hutu ne a gare shi, kamar saurar da kakanninmu suke bari. Amma saura tana da mai ita. Kowa a gari ya san ta wane ce, ba mai shiga ya sare masa gawo ko ɗorawa. Filin da aka ce na gwamnati ne, alhali ba a sa kowa ya tsare shi ba, kowa yakan ɗauke shi ganima.

Da fari masu itacen wuta sukan shiga su sare rassa. Bayansu masu gawayi su zo su kayar da manyan itatuwa. Sa'an nan mata da yara, domin ba su da wani abin girki, su tone kututture har da saiwarsa. Dabbobin gari da na baƙi su yi ta kiwo a wurin rani da damina, ciyawa ba ta samun zuba iri, ƙasa ta daddale ta zama fako, ruwan sama ya riƙa gudu a kanta yana yanka kwazazzabo. In akwai yashi mai kyau, masu tifa su soma kwasa da dare. In wurin yana kusa da gari, wata rana sai ka ga an zuba bulo a gefe guda, wani mai hannu da shuni ya ce ya saya. Ranar da ma'aikatan daji suka iso da 'ya'yan itatuwansu, sukan tarar da wuri ya fi lalacewa a kan yadda yake sa'ad da aka karɓe shi, kuɗin gyara kuma ya ƙaru.

Akwai kuma wata ɓarna wadda ba a gani da ido. Mutumin da aka hana shi gonar ubansa, yana wucewa kullum yana ganin tumfafiya da ƙarangiya sun cika ta, alhali rumbunsa bai kai shi bazara ba, zuciyarsa ba za ta yi sanyi da aikin ba. In an dasa itatuwan daga baya ya ga akuya tana ci, ba zai kore ta ba. Yawancin 'ya'yan itatuwan da suke mutuwa a ranin farko, rashin mai kula ne yake kashe su.

ABIN DA DOKA TA CE

Yana da kyau kowane manomi ya san dokar mallakar ƙasa ta 1978. Dokar ta sa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, ya riƙe amana domin jama'a. Sashe na 28 ya ba gwamna iko ya soke haƙƙin mutum a kan fili in akwai bukatar jama'a da ta fi ƙarfi. Sashe na 29 ya yi maganar diyya, amma diyyar ta abin da mutum ya yi ne a kan filin, kamar gini, rijiya, ko amfanin gona. Ƙasar kanta ba a biyan kuɗinta. Sashe na 6 kuma ya ce in filin da aka karɓa na noma ne a ƙarƙashin haƙƙin gargajiya, ƙaramar hukuma za ta ba mai shi wani fili ya ci gaba da noma.

Wannan ya ba da amsa ga masu cewa, "Ai an biya su, me kuma suke nema?" Abin da aka biya manomi sau da yawa kuɗin amfanin da ke tsaye ne a gonar, ba zai sayi wata gona ba. A wuraren da mutane suka yi yawa kuma, kamar kewayen Kano, ina ƙaramar hukuma za ta sami wani filin da za ta ba shi? Saboda haka ba shi aron tsohuwar gonarsa kafin a soma dashe hanya ce ta cika nufin dokar. Hukumar da ke da ikon karɓa tana da ikon ba da aro.

DARASI DAGA MARAƊI

Maƙwabtanmu na Nijar sun koya mana abin da ya kamata a yi a shekarun jira. A 1983 wani malamin gona ɗan ƙasar Ostireliya, Tony Rinaudo, wanda yake aiki da mishan ta SIM a yankin Maraɗi, ya gaji da dasa itatuwa suna mutuwa. Sai ya lura cewa ƙananan tsire-tsiren da manoma suke sassabewa kowace bazara toho ne na tsofaffin kututture waɗanda saiwarsu tana nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Abin da ake bukata kawai shi ne a zaɓi toho biyu zuwa biyar masu ƙarfi a kowane kututture, a datse sauran, a tsare waɗanda aka bari daga wuta da gatari da bakin dabba. Da yake saiwar ta riga ta yi zurfi, irin wannan itace yana girma da sauri, ba ya bukatar ban ruwa. Manoman can suka sa wa dabarar suna sassabin zamani.

Bayan shekara ashirin da 'yan kai, masu bincike suka ƙiyasta cewa itatuwa kimanin miliyan 200 sun dawo a kan hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, musamman yankunan Maraɗi da Damagaram. Gawo, kalgo, sabara, aduwa da magarya suka sake tsayawa a cikin gonakin gero. Abin lura shi ne, a cikin gonakin da ake nomawa itatuwan suka dawo, inda akwai mai ido a kansu, kuma dabarar ta bazu ne sa'ad da manoma suka tabbata itacen da suka rena nasu ne. A 2020 gwamnatin Nijar ta fitar da doka wadda ta tabbatar wa manomi wannan haƙƙi.

To, ku duba. Kututturen da ake tonewa a filin da aka bari ba mai riƙo su ne ainihin jarin aikin. In manomi yana wurin yana rena su, kafin kuɗin gwamnati su iso rabin shingen ya riga ya tsaya da kansa. In kuma wurin fako ne, mai riƙo zai iya haƙa ramukan tassa da na rabin wata da rani, ya zuba taki, ruwan damina ya zauna ya shiga ƙasa.

NOMA A TSAKANIN ITATUWA BA SABON ABU BA NE

Ma'aikatan daji sun san wannan hanya tun da daɗewa. Sunanta taungya, daga ƙasar Bama ta fito, aka soma gwada ta a Nijeriya a gandun dajin Sapoba, cikin jihar Edo ta yanzu, a 1927. Akan ba manomi wani yanki na gandun daji ya shuka abinci, yana kuma lura da 'ya'yan itatuwan da aka dasa a tsakanin shukarsa, har inuwa ta rufe wurin bayan shekara biyu ko uku, sai ya tashi.

Amma tsohon tsarin yana da aibi, kuma a Gana aka fi ganinsa. Manomi ba shi da rabo ko kaɗan a cikin itatuwan. Ya san ranar da suka girma za a tashe shi, don haka waɗansu suka riƙa kashe su a ɓoye domin su daɗe a gonar. A cikin shekarun 1980 aka dakatar da tsarin a can. Da aka dawo da shi a 2002 sai aka gyara: in an sayar da katakon, manoma suna da kashi 40 cikin 100, hukumar gandun daji kashi 40, masu ƙasa kashi 15, jama'ar da ke maƙwabtaka da dajin kashi 5. Darasin a fili yake. Mai riƙo tilas ya sami abin da zai sa ya so aikin ya yi nasara.

GARGAƊI DAGA AMURKA

Akwai masu cewa in ka bar manomi ya koma filin da aka karɓa, fitar da shi zai yi wuya. Wannan tsoro yana da tushe, kuma ba a ƙasarmu kaɗai ake fama da shi ba. Bari mu kawo misali daga nesa. A jihar Filorida ta Amurka akwai wata babbar fadama mai suna Everglades, wadda aka lalata da magudanai domin noman rake da gine-gine. A shekara ta 2000 majalisar ƙasar ta amince da shirin gyara ta. Tun a 1999 aka sayi gonakin rake kimanin eka 50,000 da kuɗin jama'a domin ajiye ruwa da tace shi. Da yake aikin bai shirya ba, hukumar ruwa ta yankin ta ba kamfanonin rake hayar filin su ci gaba da noma. Dabarar tana da amfani, gama fili bai zama jeji ba, kuɗin haya kuma yana shiga.

Sai dai wani yanki na filin, kimanin eka 16,000, ya zauna gonar rake kusan shekara ashirin. A watan Nuwamba na 2018 shugabannin hukumar suka sabunta hayarsa har zuwa shekara takwas, ko da yake da sharaɗin za a iya karɓa kafin lokacin, kuma suka yi haka ba tare da sun ba jama'a isasshen lokacin dubawa ba. Mutane suka yi ta ƙorafi. A watan Janairu na 2019 sabon gwamnan jihar, Ron DeSantis, ya nemi dukan shugabannin su yi murabus. Sai a 2023 aka yi bikin soma ginin babbar ma'ajiyar ruwan a wurin.

In haka ta faru a ƙasar da ke da kuɗi da lauyoyi, mu ma sai mu yi hankali. Abin da ya jawo rigima a can shi ne doguwar haya, ga manyan masu ƙarfi, wadda aka ƙulla ba a gaban jama'a ba. Waɗannan abubuwa uku su ne za mu guje wa.

SHAWARARMU

Ga sharuɗɗan da muke ganin za su tsare haƙƙin gwamnati da na talaka gaba ɗaya.

1. Aron ya zama na damina ɗaya, ana sabuntawa kowace shekara bayan an duba aikin mutum. A rubuta da Hausa, a karanta a bainar jama'a a ƙofar dagaci, wakilin ƙaramar hukuma da malamin daji su sa hannu. A faɗa sarai cewa aro ne, ba a sayarwa, ba a jinginarwa, ba a gadonsa.

2. Waɗanda aka karɓi filin daga hannunsu su ne na fari. Bayansu sai matan da mazansu suka rasu da matasan da ba su da gona. Kada a ba mutum ɗaya babban yanki, kada kuma a ba wanda ba ya zaune a garin. A manna sunayen a inda kowa zai gani.

3. Abin da za a shuka ya zama mai tashi a damina ɗaya, kamar gero, wake, gyaɗa da riɗi. Ba gini, ba dasa lambu, ba shigar da tarakta mai tumɓuke kututture, ba ƙona sassabe.

4. Maimakon kuɗin haya, mai riƙo ya biya da aiki. A ƙirga itatuwa da kututturen da ke cikin rabonsa a ranar da aka ba shi, a sake ƙirgawa da kaka. Wanda nasa suka ƙaru a sabunta masa, wanda ya sare a karɓe.

5. Kada a manta da makiyaya. In burtali ya ratsa filin, a bar shi a buɗe. Ardo ya zauna a cikin kwamitin kula da wurin. A ware lokacin da dabbobi za su shiga su ci kara bayan girbi, a kuma yarda a yanki ciyawa a kai musu waje. Shirin da aka yi ba da su ba, faɗa zai haifar.

6. Hukuma ita ma ta ɗaure kanta da alkawari. Ta sanar da masu riƙo tun kafin shuka in a wannan shekara za a yi dashe, kada a zo a tarar da gero ya yi bununi a ce a sare. In an dasa, a bar su su ci gaba da noma a tsakanin layuka har inuwa ta hana. Bayan haka su sami rabo a rubuce a cikin rassan da aka datse, da 'ya'yan itatuwa, da ciyawa.

7. In shekara uku ta wuce ba a soma aiki ba, hukuma ta zo gaban jama'a ta faɗi dalili, a kuma duba ko ya kamata a mai da filin ga masu shi.

Mun san wannan zai ƙara wa ma'aikata wahala, gama ya fi sauƙi a kafa allo a koma ofis. Amma kuɗin takarda da zaman kwamiti bai kai kuɗin waya da albashin mai gadi ba, kuma mai gadi ɗaya da keke ba zai iya tsare abin da magidanta talatin za su tsare ba.

Ga namu ɓangaren kuma, 'yan'uwa, sai mu riƙe gaskiya. In aka ba mu aro muka mai da shi mallaka, ko muka kashe dashe da gangan, mun ba masu ƙin wannan shawara hujja, mun kuma rufe ƙofa ga sauran ƙauyuka. Aro da amana ake riƙonsa, ranar da mai shi ya nema a mayar masa da shi ya fi yadda aka karɓa kyau.

In akwai irin wannan fili a garinku, kada ku jira bazara. Tun yanzu ku taru, manoma da makiyaya, maza da mata, ku zagaya wurin ku ƙirga itatuwa da kututturen da suka rage, ku rubuta. Ku kai wa dagaci, ku roƙe shi ya raka ku wurin hakimi da sashen gona na ƙaramar hukuma da wannan shawara a hannunku. Ku nemi a ba ku amsa a rubuce kafin ruwan farko. Sa'an nan ku rubuto mana abin da aka ce muku, domin mu buga, waɗansu garuruwa su koya.